Itacen Kwana Arba'in

Gashua,
Alhamis, kwana goma da haihuwa.

Zuwa ga yayata, Ya Falmata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kun koma Nguru lafiya. Ya gajiyar suna? Ki gaishe min da Baban Kyari da yara, da surukarki mai jiki.

Na san za ki yi dariya ganin wasiƙa a cikin kwalin kifi, kamar zamanin da. Ba yadda zan yi ne. Tun ranar da aka kawo ni wankan gida Kaka Kellu ta karɓe wayata ta jefa a akwatinta, wai mai jego ba ta ƙura wa waya ido, gani yake raguwa. Ita da yanar ido ta rufe wa ido ɗaya da rabi, ita ce mai tsaron nawa. Ko da wayar tana hannuna ma, maganar ba ta waya ba ce. Ɗaki ɗaya muke kwana, kuma kin san kunnen Kaka bai tsufa ba. Shi ya sa na yagi takarda na ba Mudi direba, tunda kullum yana kan hanyar nan da kifinsa. In ta yi ƙarni ki yi haƙuri.

Ya Falmata, an yi min ƙari.

Ranar suna sau uku ina jan gefen zaninki in gaya miki, mata ba su ba mu wuri ba. Har kika ce na koyi zaman amare a karkace, aka yi dariya, ni ma na yi. Ba yanga ba ce. A kan cinya ɗaya na wuni, da aka watse ƙafar ta mutu sai da aka ja ni.

Lokacin da abin ya faru kina Dapchi wurin ta'aziyya. Kan yarinyar ne ya tsaya, malamar asibiti ta ce sai an ƙara hanya. Na ji ƙarar almakashi, daga baya aka yi ɗinki. Ta yi min bayani mai yawa ina kwance, amma ni a lokacin barci kawai nake nema a duniya. Na dai ga ta miƙa wa Malam, maigidana, wata takarda tare da ledar magani. Maganin ya iso hannuna, na shanye. Takardar ban sake ganin ta ba.

Kaka ba ta sani ba. Kin san takenta: mu jinin masunta ne, a gidanmu mace ba ta taɓa ƙaruwa ba balle a sa mata ƙarfe, ita tara ta haifa a kan gwiwarta. Shekaranjiya aka kawo labarin wata yarinyar unguwa da aka yi wa ɗinki, Kaka ta taɓe baki ta ce ragwancin 'yan zamani ne, ba sa son nishi. Ina kwance ina shayarwa na ce, "Haka ne, Kaka." Da bakina na faɗa.

Sau biyu ake wankan, da sassafe da la'asar. Rabin ganga take ɗorawa a murhu, sai ya tafasa yana tsalle da ganyen darbejiya a ciki. Wankan jikin ina iya jurewa, in ta tsoma ganyen ta fyaɗa min a baya na cije leɓe ya wuce. Shiga bahon ne abin. Takan zuba ruwan da bagaruwa, ta dafa kafaɗuna da hannu biyu ta danna ni ciki, ta ce ba tashi sai ta yi salati ɗari. Ban san salati ɗari yana da tsawo haka ba. Banɗakin da duhu, idonta ba ya gani sosai, ni kuma ina juya mata baya. In na yi kuka ta ce haka ake yi, jiki ɗanye ne sai an gasa shi.

Alfarmar da nake nema ita ce ki tambayi maƙwabciyarki Rahima, tunda aikin asibiti take, ko haka abin yake yi wa kowa. Wurin yana zugi, fitsari kamar an zuba barkono, bayan gida kuwa yau kwana uku ina jin tsoronsa. Kada ki ce ni ce. Ki ce wata ce.

Mai sunan Umma tana nan lafiya, Ummi muke ce mata, tana tsotso kamar an aiko ta. Ni dai na gaji, irin gajiyar da barci ba ya cirewa.

Ki huta lafiya.

Ƙanwarki,
Zulaihat.

*

Nguru,
Juma'a.

Zulaihat,

Wa alaikumus salam. Mun sauka lafiya, kowa yana gaishe ki. Gaisuwar ta isa haka, don raina a ɓace yake.

Wai ki ce wata ce. Ina gama bayani Rahima ta dube ni ta ce, "Ƙanwarki ce ko?" Mata nawa na sani da suka haihu makon jiya? Ke kullum dabararki ba ta wuce bakin ƙofa.

Ga abin da ta ce, ki karanta da kyau. Ruwa mai ɗumi ake so, wanda za ki sa gwiwar hannunki a ciki ki bar ta ba ki janye ba. Ba bagaruwa, ba komai, in ma za a sa wani abu ɗan gishiri ne kaɗan. Ki ɗan zauna ki tashi, ki tsane wurin da tsumma mai tsabta, dannawa za ki yi ba gogewa ba. Ƙunzugu kuwa kada ki bari ya jiƙe a jikinki. In za ki yi fitsari ki riƙa zuba ruwan ɗumi da buta a lokacin, raɗaɗin zai ragu, kuma tsarki daga gaba zuwa baya. Ki sha ruwa da yawa, ki ci zogale, ki rage yajin nan da na ga Kaka tana tula miki, don bayan gida ya zo da sauƙi. Ta ce zaren da kansa yake narkewa in an bar shi ya yi kwanakinsa, amma tafasasshen ruwa ƙona wurin yake yi ya hana nama haɗuwa. In kika ji wari, ko kumburi, ko zazzaɓi, to asibiti a ranar, ba gobe ba. Wannan ta maimaita min shi har na ce na ji.

Duk wannan ba zai yiwu ba sai Kaka ta sani. Ki buɗe baki ki gaya mata. Sata kika yi? Mutum kika fitar daga jikinki, aka taimaka miki da almakashi kuka rayu ku biyu, sai ki ɓoye kamar kin yi abin kunya? Ni ma ta dafa ni a haihuwar Kyari, na fito kamar kazar da aka fige, amma ni ba ɗinki a jikina.

Da ina da yadda zan yi da yau a Gashua zan kwana. Surukata ce a kwance, ni nake juya ta nake ba ta abinci, Baban Kyari kuma yana Jajimaji wurin noma, ba wanda zan bar wa. Shi kuwa mijin naki Mahfuz zan neme shi, zai gaya min inda ya kai takardar mutane.

Shirun gidanmu ɗin nan na tsane shi, Zulaihat. Ba ki san yadda na tsane shi ba.

Na sa miki audugar mata da sabon tawul a ƙasan ledar, ki ce wa Kaka kayan Ummi ne in kin ga dama, tunda ƙarya ta fi miki sauƙi. Allah ya ba ki lafiya.

Yayarki,
Falmata.

*

Gashua,
Litinin, kwana goma sha huɗu.

Ya Falmata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ya mai jiki? Saƙo ya iso, na gode, faɗan ma ya iso bai zube a hanya ba.

Na gwada. Wallahi na gwada.

Ban sani ba ko kin leƙa ɗakin kakanmu marigayi Baba Dunoma ranar suna. Cike yake da itace har kusa da rufi. Tun cikina yana wata biyar Kaka ta fara tarawa, da bazara, ta ce damina ba za ta shammace ta ba. Ta kasa shi kashi arba'in, kowane ɗauri da igiyarsa. Kullum da safe ta kwance ɗaya. Da shi take ƙirga kwanakina, in aka tambaye ta kwanan jego nawa sai ta leƙa ɗakin ta lalluba.

Ranar Asabar tana dama kunun kanwa na ce, "Kaka, ina da magana."

Ta ajiye ludayin ta juyo. Hayaƙi ya sa idonta yana ta ruwa, bayan hannunta duk tabon ƙuna sabo da tsoho. Ta ce, "Kanwar ce ba ta ji ba?"

Na ce, "Ta ji."

"To mene ne?"

Na ce, "Sannu da aiki zan ce."

Ta yi dariya ta ce yaushe na koyi ladabi, ko haihuwa ce ta gyara ni.

Jiya sai na yi dabarar da kika ce ba ta wuce bakin ƙofa. Ta fita ɗauko ganye, na tuttula rabin bokitin ruwan randa a bahon. Tana dawowa ta tsoma hannu ta ce, "Wa ya sirka?" Ban taɓa jin muryarta haka ba. Ba faɗa ba ne, rawa muryar take yi. Ta ce, "So kike sanyi ya shige ki? So kike ki tafi ki bar min wannan a hannu?" Ta zubar da ruwan, ta koma ta kwance ɗaurin gobe, abin da ba ta taɓa yi ba, ta sake hura wuta ana yayyafi a kanta. Ranar salati ɗari biyu ta yi.

Da na je tsarki bayan nan na ga guntun zare a hannuna. Wurin ya buɗe, ina ji a jikina. Akwai wari. Kaka ta ce kwatar maƙwabta ce ruwan sama ya tayar, ta sa turaren wuta. Da yamma jikina yana ɗaukar zafi ina rawar sanyi, ta ce ruwan nono ne yake kawowa. Ummi a kwance nake ba ta, Kaka tana faɗa wai in tashi zaune kada nono ya shiga kunnen yarinya. Ban san ta wane gefen zan zauna ba kuma.

Kin ce in buɗe baki. Ke Allah ya ba ki baki, Ya Falmata. Ni matar nan ce ta ɗauke ni ina kwana goma sha biyu a duniya, ranar da aka binne Umma, ta raine ni da nonon akuya da cokali. Mutane suna cewa kaka abokiyar wasa ce, tamu ba ta samu damar zama kaka ba. Yanzu in dube ta in ce abin da take tashi tana yi min da gwiwoyinta masu ciwo shi yake cutar da ni? Kuma in ce ni ce ta farko da ta zubar da abin da take alfahari da shi? In na fara haɗa kalmomin a bakina sai su narke.

Saura ɗauri ashirin da biyar, na ƙirga. Wani lokaci sai in ce ko in daure su ƙare. Wani lokacin kuma in ji tsoro.

Ki yi min addu'a.

Ƙanwarki,
Zulaihat.

*

Nguru,
Talata.

Zuwa ga iyalina, Malama Zulaihat,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina fatan ke da jaririya da Hajiya Kaka kuna cikin kiyayewar Allah.

Dalilin rubuto wannan wasiƙa shi ne, Ya Falmata ta same ni jiya a ƙofar makaranta. Ta yi min magana a tsaye, a gaban malamai biyu, kuma ban ga laifinta ba.

Takardar tana wurina. Tana cikin aljihun farar rigar da na sa ranar suna. Malamar asibiti ta ce in ba wadda za ta yi miki wanka, in yi mata bayani da baki. Ranar da na kawo ku na durƙusa gaban Hajiya Kaka hannuna yana kan aljihun. Na gaishe ta, na sake gaishe ta, na tambayi lafiyar awaki, na tashi. Ranar suna ma haka aka yi. Na rasa da wace kalma namiji zai fara irin wannan magana da kakar matarsa. Sai na ce a raina ai ku mata ne, za ku yi ta a tsakaninku.

A ƙasan takardar an rubuta a mayar da ke a duba ɗinkin bayan kwana bakwai. Na karanta layin tun ranar. Yau kwana goma sha biyar. Ba ni da uzurin da zan kawo, ki yafe min.

Ina tafe yau in an tashi daga makaranta. Zan sauka wurin abokina Ridwanu, gobe da sassafe mu je asibitin nan na kusa da ku. Na yi tunanin mu ce wa Hajiya Kaka rigakafin jaririya za mu je. Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, tunda za a duba katinta. Na aiko wannan tun da wuri ne don bakinmu ya zo ɗaya.

Gidan ba daɗi. Tabarmar da kika bari a shanya har yanzu ban san inda ake ajiye ta ba.

Wassalam.

Mijinki,
Mahfuz Kalli.

*

Gashua,
Juma'a, kwana goma sha takwas.

Ya Falmata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da mai jiki. Na san Malam ya gaya miki mun je asibiti, amma na san shi, rabin abin zai faɗa.

Dabarar rigakafin ba ta yi ba. Kaka ta ce mai jego ba ta fita ba tare da babba ba kafin arba'in, ta naɗa lafayarta, ta goya Ummi, ta riga mu shiga mota. Ni da Malam muka kalli juna muka bi ta.

Labule ne kawai tsakanin inda ake duba mutum da bencin da mata suke jira, sun kai talatin. Malamar dattijuwa ce, mai tabarau. Tana dubawa ta yi salati. Sai ta yaye labulen ta leƙa waje ta ɗaga murya.

"Wa yake yi wa yarinyar nan wanka? An yi mata ƙari, an bi ɗinkin da tafasasshen ruwa har ya warware! Fata ta ƙone, ga mugunya. Kashe ta kuke so ku yi?"

Malam yana bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Sai na ji benci ya motsa. Kaka ce ta miƙe da goyo a bayanta ta ce, "Ni ce."

Malamar ta ga tsufanta, ta ɗan sassauta. Ta ce, "Baba, ba a gaya miki an yi mata ɗinki ba ne?"

Kaka ta juyo wajen da take jin numfashina. Ni kuma ina kwance da zani a hannu, na kasa ko rufe idona. Sai ta ce, "An gaya min. Mantuwa ce irin ta tsufa."

Ya Falmata, da ta zage ni a gaban matan nan da ya fi min sauƙi.

An wanke wurin, ba zan ba ki labarin wannan ba. An yi min allura an ba ni ƙwayoyi. Malamar ta ce ba za a sake ɗinkewa yanzu ba sai datti ya fita, wataƙila ma naman ya cike da kansa daga ciki, amma zai ɗauki makonni, kuma in riƙa zuwa bayan kwana bibbiyu. Ta ce da mun ƙara kwana uku da maganar ta shiga jini. Kafin mu fito ta kama hannun Kaka ta nuna mata gwiwar hannu, ta ce da nan ake gwada ruwa, ba da tafin da ya saba da wuta ba. Kaka ta ce to, ta gode.

Tun daga nan ba ta ce min komai a kan maganar ba. Jiya da safe na farka ban ji fashe-fashen itace ba. Ɗakin Baba Dunoma a rufe, ta sa masa kwaɗo. Ta ɗora ƙaramar tukunya a gawayi, ta ajiye min ruwan a bakin banɗaki ta koma. Da na fito na tarar da wayata a kan filo. Ta ce, "Ga abinki. Ki kira waɗanda kike iya gaya wa magana."

Zazzaɓin ya sauka. Warin ya ragu. Yau na yi bayan gida ban yi kuka ba, abin da ban taɓa zaton zan rubuta wa wani a wasiƙa ba. Ya kamata in ji daɗi, amma gidan ya zama kamar na baƙi. Tana dafa abinci ta ajiye min, ita ba ta ci. In na ce sannu ta ce yauwa. Ni da nake roƙon Allah wutar nan ta mutu, yanzu kunnena ita yake nema.

Na ga kiranki sau bakwai. Ban iya ɗauka ba, takardar ta fi min sauƙi.

Abu ɗaya ya tsaya min. Jiya da hantsi tana jijjiga Ummi a tsakar gida, ta ɗauka barci nake. Na ji tana ce mata, "Waccan na bar ta da sanyi ta tafi, wannan na tashi kashe ta da zafi. Ni dai hannuna ba na jego ba ne." Wace ce waccan? Umma take nufi? Ni an ce min zazzaɓi ne kawai. Ke kina da wayo a lokacin.

Na gaji, Ya Falmata. Ciwon ƙasa yana warkewa, wannan ban san maganinsa ba.

Ƙanwarki,
Zulaihat.

*

Nguru,
Asabar.

Zulaihat, ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi da zazzaɓin ya sauka. Kada ki fasa zuwa wankin ciwon ko sau ɗaya, kuma ki shanye ƙwayoyin ko kin ji sauƙi.

Takarda uku na yaga kafin wannan.

Umma take nufi. Shekarata goma sha ɗaya a lokacin. A Jajimaji Umma ta haife ki, a gida, washegari aka kawo mu Gashua. Damina ce irin wannan, amma ta fi wannan ruwa, mako guda rana ba ta fito ba. Itacen Kaka duk ya jiƙe. Tana hurawa yana hayaƙi, ruwa ba ya wuce ɗumi. Har ƙyauren garken awaki ta cire ta ƙona.

Umma ba haihuwar fari ba ce, don haka ita take shiga baho da kanta, Kaka bayanta kawai take gasa mata. Ni nake wanke tsummokaranta. Kwana na shida na ga abin da yake jikinsu ba jinin biƙi ba ne, ga wari. Na ce zan gaya wa Kaka. Umma ta riƙo hannuna, tafinta kamar garwashi. Ta ce, "Na ɗan ƙaru ne, zai warke. Kada ki gaya wa Kaka, kin ji, Falmata? Kin san a gidanmu ba a yi." Na ce to. Daga ranar sai nake kai wankin bakin kogi inda ba mai gani, ina jin ni babba ce an ba ni amana.

Ranar kwana goma sha biyu ta rasu, kafin a samo motar da za ta kai ta asibiti. Mata suka ce sanyi ne ya shige ta, ba ta gasu ba. Kaka ta zauna a bakin murhu tana cewa itace ya ci amanarta. Ina tsaye a bayanta da ke a hannuna. Na san ba sanyi ba ne. Ranar na yi shiru don tsoro. Washegari na yi shiru don na riga na yi shiru jiya. Haka har shekara ashirin da uku.

Bayan na yi aure na taɓa ba Rahima labarin. Kin san me na ce mata? Na ce wata ce. Ta ce kwana na Allah ne, amma ciwo irin wannan in ya ruɓe ya shiga jini, ko da itacen duniya aka dafa ruwa ba zai hana ba, magani yake so. Na ji, na dawo gida na ɗora tukunya, ban gaya wa kowa ba.

Duk ɗaurin itacen da kika gani a ɗakin nan, ni na sa Kaka ta tara shi. Da na faɗa tun tuni da ba ta dafa ki haka ba, da kuma ba ta yi ta taken nan a kunnenki ba har kika kasa magana. Da wasiƙarki ta farko ta zo na karanta, zama na yi a ƙasa. Faɗan da na yi miki ba naki ba ne ke kaɗai.

Kin ce Allah ya ba ni baki. To ga iyakarsa, kin gani. Ba zan iya duban idonta in faɗa ba, ko ta waya. Ki zaunar da ita ki karanta mata wannan, kada ki tsallake layi ko ɗaya. Amma ki fara da naki, ki gaya mata da bakinki abin da aka yi miki da inda yake miki ciwo, kamar ba ta ji a asibiti ba. Sannan ki karanta nawa. In ta tsine min na ɗauka.

Ki sumbaci mai sunan Umma.

Yayarki,
Falmata.

*

Gashua,
Lahadi, kwana ashirin da bakwai.

Zuwa ga Falmata,

Ni Kellu nake faɗa, Zulaihat take rubutawa. Na ce mata kada ta gyara min magana.

Wushe, sannu. Ina gaishe ki, ina gaida mai jiki, Allah ya tashi kafaɗunta.

An karanta min. Na sa an sake. Na yi kwana uku ban ce komai ba, ba fushi ba ne, wurin ajiye maganar nake nema. Ban tsine miki ba. Yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya, uwarta ta ce ta yi shiru, me za ta yi? Wadda ta koya wa uwar taki shirun ita za a tambaya, kuma ga ni a zaune.

Na cire kwaɗon na hura wuta. Yanzu ƙanwarki ce take sa gwiwar hannu ta ce ya yi, ni sirkawa ce tawa. Ruwan a wurina ko kaza ba zai fige ba, amma mai tabarau ta ce nama ya fara haɗuwa. Jiya ta zauna a kan filo ta ci tuwo kamar mutane. Itace zai yi saura da yawa, ban san me zan yi da shi ba.

In mai jiki ta samu sauƙi ki zo, ko kwana ɗaya ne. Maganar da nake yi cewa a gidanmu ba a taɓa ƙaruwa ba, akwai ta ranar da na haifi uwarku. Shekara hamsin da uku ban gaya wa kowa ba. Ba zan sa ta a takardar kifi ba. Ki zo ku zauna ku biyu, sau ɗaya zan faɗa.

Allah ya yi miki albarka.

Kakarki,
Kellu.